Takalmi a Ƙofar Jirgi

Tsibirin Vis, 9 ga Satumba

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafafun Baba? Yaya Kalliopi da jaririnta? Ni lafiya lau. Kafaɗata ce ta ɗan yi tsami bayan nutson Talata, likita ya riƙe ni awa biyar. Kada ki gaya wa Baba, shi da nutso ya gurgunta.

Mama, na ga jirgin ruwan da ya nutse. Shekara ɗari yana kwance mita casa'in ƙarƙashin teku, kofunan shayi na nan jere a kan kanta. Kafin mu sauka, shugabanmu Frane ya ce, "Kai Bagirke, gidan mutane ne. Ka ƙwanƙwasa kafin ka leƙa."

Na ƙwanƙwasa. A bakin ƙofa na ga takalmi guda, igiyarsa a ɗaure. Na fara addu'a, amma iskar da muke shaƙa a can tana sirantar da murya, sai na ji muryata ta koma irin wadda nake bin ki coci da ita ina yaro.

Ki aiko min da zuma. Ran Lahadi ki kunna kyandir biyu, ɗaya nawa, ɗaya na mai takalmin. Litinin zan sake sauka.

Ɗanki,
Stamatis