Garabasar Talata

Talata, 4 ga Maris
Garabasar tsofaffi ta sake ba ni kunya. Mutum ɗari uku suka cika zaure saboda ƙuri'ar tukunyar dafa shinkafa, injinan caca kuwa ko mutum ɗaya babu a kansu. Ana gama ƙuri'a suka shanye shayinmu, suka hau motar kyauta, sai gida.

Alhamis, 6 ga Maris
Manaja Cheang ya kira ni ofis. Wai abin da injina suka kawo ranar garabasa bai kai na ranar da ba mu yi komai ba. "Sio Peng, gidan caca muka buɗe ko gidan kiwon kakanni?" Ƙofa a buɗe, kowa na ji. Shekara tara ina shirya garabasa a Macau, yau ni ake wa haka.

Talata, 11 ga Maris
Na sauya tsari. Ba tikitin ƙuri'a sai mutum ya yi awa guda a kan inji. Goggo Ieong, wadda a da take sayar da kifi a kasuwar unguwarmu, ta kama hannuna. "'Yar nan, ni fa hira da sanyin ɗaki ke kawo ni. Yanzu sai na danna abin nan?" Na ce doka ce daga sama. Ƙarya. Ni na rubuta ta.

Juma'a, 21 ga Maris
Kuɗin injina ya ƙaru da kashi sha takwas cikin ɗari. Cheang ya shaida wa manya dabararsa ce. Ko sunana bai ambata ba.

Talata, 25 ga Maris
Goggo Ieong awa huɗu a kujera ɗaya. Aka fara ƙuri'a ba ta ko ɗago ba. Na kai mata shayi, ta ce, "Matsa can, kina kore mini sa'a." Ƙawayenta sun gaji da jira, sun tafi.

Talata, 1 ga Afrilu
Ɗan Goggo Ieong ya zo nemanta da kayan aikinsa na direba. Tun safe likita ke jiran ta. Ya nuna mini wayarta. "Ke ce mai turo mata wannan saƙon kowane mako?"

Litinin, 7 ga Afrilu
Na tura saƙon gayyatar gobe. Sunaye goma sha ɗaya ba su shiga ba, har da na Goggo Ieong. In Cheang ya tambaya, zan ce kwamfuta ce. Takan yi haka wani lokaci.