Na Yanka Kwalin Wasan Babana Gida Tara

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, akwai 'yan gidanmu a nan ciki, ko da yake duk wanda ya san mu yana karanta layi uku zai gane ni, to ya gane ɗin. Don Allah shawara nake so ku ba ni, amma tun yanzu in faɗa, wanda zai rubuta min "ki yi haƙuri ki bi manya" bai karanta har ƙarshe ba, gara ya adana datarsa.

Ni mace ce, shekarata talatin da ɗaya, ina da ɗan shago a unguwar Gidan Igwai nan Sakkwato inda nake aikin zane a kwamfuta, katin biki, kalanda, gyaran tsofaffin hotuna da makamantansu. Gidanmu na Minanata. Babana, Allah ya jiƙansa, malamin sakandare ne, labarin ƙasa ya koyar har ya yi ritaya, yau shekara biyu da rasuwarsa. Yana da amini tun suna samari a wurin aiki, Kirista ne mutumin Filato, zan kira shi Baba Yohanna duk da ba sunansa ke nan ba. Su biyun nan ne tun kafin a haife ni suka ƙirƙiri wani wasan yaƙi a kan kwali suka sa masa suna Ganuwa. Kwalin ya fi dardumar salla girma, an zana masa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya, da garuruwa da gulbi da duwatsu, an bi shi duka da ƙananan gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Mayaƙan kuma marafan kwalbar lemo ne, an liƙa musu takarda an zana baka ko doki ko garkuwa, a jefa ɗan ludo a tura su.

Duk Asabar bayan la'asar a zaurenmu ake shimfiɗa shi, Baba da Baba Yohanna da ƙanen Baba da muke kira Baffa, mai sayar da yadi a kasuwa. Wasa ɗaya sai ya ci musu wata biyu, in an kira magariba Baba ya rubuta inda kowane marfi ya tsaya a wani ƙaramin littafi, a naɗe sai wani mako. Ni aikina kai shayi ne. Na fi shekara goma sha biyar ina shiga zauren nan da tire, ba a taɓa ce min zauna ki ga yadda ake yi ba, ku riƙe wannan don zai dawo. Da ciwo ya ci ƙarfin Baba sai ya daina riƙe runduna, ya koma alƙali, yana kishingiɗe Baffa da Baba Yohanna suna fafatawa. Suna tsakiyar wani wasa ajali ya zo, aka ɗora kwalin a kan wadirob ɗin Inna, mahaifiyata, ba a sake sauko da shi ba.

Bara Baba Yohanna ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi suka koma gida Filato. Mukan gaisa ta waya, bakinsa ya karkace maganar ba ta fita sosai, amma duk kiran da za mu yi sai ya tambaye ni Ganuwa na nan? Ran nan na ce bari in duba. Da na sauko da shi sai na tarar rufin ɗakin ya yi yoyo da damina ya jiƙa gefe ɗaya, gara kuma ta cinye kusurwa guda har da rabin wani gari. Wata damina ɗaya ta ƙara bi ta kansa sai dai a share da tsintsiya. A nan tunanin ya zo min, tunda akwai manhajar da ake ɗora irin waɗannan wasannin mutum biyu su buga daga nesa, kowa na jan mayaƙansa da yatsa, me zai hana in mayar da Ganuwa cikin kwamfuta, Baffa yana Sakkwato Baba Yohanna yana Filato su ƙarasa wasansu.

Da farko da waya na ɗauki hotonsa, na hau kujera na ɗauka ta sama sau ba adadi, amma gidajen gefe sai su lanƙwashe, haske kuma ya kashe rubutun Baba. Sikanar shagona, wato injin da ke kwafe takarda zuwa cikin kwamfuta, babbar takarda ɗaya take ɗauka, kwalin ya ninka bakinta sau tara. Na ɗauke shi a keke napep na zaga wurin masu buga taswirar filaye da ke da doguwar sikana, duk suka ce injinsu takarda yake ja, kwali mai kauri haka zai maƙale ko ya yage. Na yi kwana uku ina kallonsa. Na tambayi Inna, ta ce, "Ke kinka sani, ni dai ban gani ba." Baffa kuwa ban tambaye shi ba, kuma ba mantawa na yi ba, na san amsar da zai ba ni. Na ɗauko sabuwar reza da rula ta ƙarfe na yi bisimilla na yanka shi gida tara. Akwai wani tsohon karin naɗi da ya ratsa tsakiyarsa, wurin ya riga ya yi laushi, sai na bi ta nan da reza don ya fi sauƙi.

Mako uku na yi a kan aikin nan. Kowane yanki na yi masa sikanin da ƙarfi sosai yadda ko ɗigon biro zai fito, na haɗa su a manhajar gyaran hoto layi ya hau layi. Marafan su tamanin da huɗu ne, murfin sikana ba ya rufuwa a kansu, sai na kifa su a kan gilashin na lulluɓe da baƙin mayafina, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cire bayan hoton. Garin da gara ta ci na sake gina shi daga rabin da ya rage. Sai hannun sana'a ya motsa, abin da nake yi wa hoton kowane kwastoma na yi masa, na goge datti. Akwai wani faffaɗan tabo ruwan ƙasa kusa da gulbi, na goge. Akwai wani baƙin ƙuna mai zagaye a gefen wani gari, na goge. Karin naɗin nan ma na shafe shi tas. Taswira ta fito fes kamar jiya aka zana ta, ni kaina sai da na yi wa kaina kirari.

Ranar Asabar bayan la'asar na sa Inna ta kira Baffa, na kai masa shayi a zaure kamar da, na buɗe laftof na ajiye a gabansa. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ina jiran sa albarka, sai ya ɗago ya ce, "Ke ɗiyag ga, ina hwadama? Mi kinka yi ma hwadama?" Jama'a ashe tabon nan shayin Baba Yohanna ne da ya zube shekaru da yawa da suka wuce, maimakon a yi faɗa sai Baba ya ce daga yau nan fadama ce, doki ba ya shiga. Baƙin ƙunan maganin sauro ne ya faɗo, suka mayar da shi kufai, duk rundunar da ta kwana a nan sai ta rasa mutum ɗaya. Karin naɗin da na bi da reza kuwa shi ne kwazazzabo, sai an jefa ɗan ludo sau biyu ake tsallaka shi, kuma a kansa ne duk manyan yaƙe-yaƙensu suka faru. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin dokokin nan a ko'ina ba, suna cikin kawunansu ne su uku.

Daga nan ya ce in kawo kwalin ya nuna min, na shiga na ɗauko masa yanka tara a cikin leda. Ban taɓa ganin fuskar Baffa haka ba. Ya ce na yanka ɗan'uwansa, ya ce boko da kwamfuta sun cire min kunya, ya ce abin da maza uku suka yi shekara talatin suna ginawa na zo da reza na yi masa fiɗa kamar ragon layya. Ni ma ban yi shiru ba, na ce shekara biyu kwalin na kan wadirob ruwa na dukansa, sau nawa ya zo ya duba? Na ce da an taɓa zaunar da ni sau ɗaya an koya min, da na san fadama da kufai, amma shayi kawai aka ga na iya kaiwa. Inna tana ta ƙifta min ido ban fasa ba. Ya kwashe yankunan da marafan ya tafi da su gidansa, ya bar wa Inna saƙo cewa ba zai sake taka gidanmu ba sai na goge komai a gabansa, na yi alkawarin ba zan tura wa kowa ba, sannan na tsaya gaban gwaggonnina na ce na yi laifi. Wai wasan ya mutu tare da mai shi.

To ku ji matsayina. Goge fadama kuskurena ne, na yarda, kuma ya yi min ciwo ƙwarai don hannun Baba ne na shafe ban sani ba, na yi kuka a kan wannan. Amma yankan kwali ban yi nadamarsa ba, ko yau aka dawo da ni reza zan ɗauka. Ba zan tsaya gaban mutane in ce na yi laifi a kan abin da na ceto daga bakin gara ba. Kuma Baffa bai san aikinmu ba, mu ba ma taɓa hoton asali, a kan kwafi muke gyara. Sikanin farko na nan da tabonsa da ƙunansa, na koma na dawo da fadama da kufai yadda suke, kwazazzabon kuma na ɗauko shi daga hotunan wayar nan da na raina, na ɗora shi daidai inda reza ta bi. Littafin Baba yana hannuna, na buɗe shafin ƙarshe na jera kowane marfi a gidan da ya tsaya ranar Asabar ɗinsu ta ƙarshe. Da na gama jerawa sai na ga dawakin Baba Yohanna sun kewaye babban garin Baffa ta gefe uku, har na ce a raina ko dai wannan ne ya sa wasan ya mutu tare da mai shi. Wasa nake yi, na san ba shi ba ne. Na san Baffa ba zai iya kallon taswirar nan babu yayansa a kishingiɗe a gefe ba, kuma ina tausayinsa, amma tausayi ba zai sa in danna gogewa ba.

Abin da ya kawo ni nan shi ne na riga na karya sharaɗinsa na biyu. Na tura wa 'yar Baba Yohanna, ta buɗe masa a babbar waya, muka yi kiran bidiyo. Mutumin da hannunsa na dama ba ya motsi ya ɗaga na hagu ya ɗora yatsa a kan tabon shayin yana dariya hawaye na zuba. Ya daɗe yana bin mayaƙan da ido, sannan ya yi magana, sai da ya maimaita sau uku na gane. Cewa ya yi, "Ki gaya wa Baffanki shi ne da wasa, ni na riga na tura dokina." Bayan ya kwanta 'yar tasa ta kira ni ta ce jikin ba daɗi, wasu ranakun ko ita ba ya ganewa, in akwai abin da za a yi a yi shi da wuri.

Yanzu in na kai wa Baffa saƙon nan, na tona wa kaina asiri cewa na tura, wataƙila ya yanke ni gaba ɗaya, Inna kuma ita za ta sha wahalar rabuwar don shi kaɗai ya rage mata a dangin Baba da ke leƙo ta. In na yi shiru na bi sharaɗinsa don a zauna lafiya, tsohon can zai ci gaba da jiran wasan da ba za a buga ba. Ni kuma ba zan iya zama a madadin Baffa ba, ban san dokokin ba, ba a koya min ba. Wata ƙawata ta ce in je in durƙusa in ce na yi laifi ko da ba har zuciya ba, in ya huce sai in faɗa masa. Amma sharaɗinsa na farko gogewa ne a gabansa, kuma ni ba zan yi masa ƙaryar na goge alhali yana ajiye cikin filas ɗin kwamfuta ba.

Don Allah masu hankali a zauren nan ku faɗa min, in ɗauki laftof in tafi rumfarsa a kasuwa in buɗe a gabansa in ce Baba Yohanna ya ce kai ne da wasa, duk abin da zai faru ya faru? Ko in bi ta hannun Inna, ko akwai wata hanyar da ban gani ba? Haƙurin fadama zan ba shi ko sau nawa yake so, na yankan kwali ne ba zan bayar ba. Yau kwana tara saƙon nan na hannuna, kuma jiya 'yar Baba Yohanna ta rubuto min cewa ya sake tambaya ko Baffa ya jefa ɗan ludon.