Baitin Kaka da Na Goge

Onomichi, Oktoba 1999

Zuwa ga 'yata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Masatsugu da abin da ke cikinki. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton kakanki, sai na roƙa miki sauka lafiya a can Brazil. Nan sanyi ya fara shigowa, lemon bayan gida ya nuna. Babarki tana fama da gwiwa, bakin kuwa ƙalau yake. Kaka Ume ce har yanzu a asibiti, muryarta ta dushe, sai ka kai kunne bakinta.

To, ubanki ya yi ɓarna, gara ki ji daga bakinsa. Kin roƙe ni in ɗaukar miki waƙar renon da Kaka ta rera wa 'yan rediyon garinmu bara, idan sun sa ta a rediyo, a na'urar MD ɗin nan mai ɗaukar sauti a ƙaramin faifai da kika bari. Da na fara gwaji sai na ga ba ta raba komai, labarai da talla da waƙa duk a dunƙule. Kunio mai shagon lantarki ya ce ita sai ta ji shiru take sa alamar sabuwar waƙa, rediyo kuwa ba ya shiru, kullum akwai ɗan shuuu a ƙasa, don haka in ɗaga mizanin kaɗan ta ɗauki shuuu ɗin a matsayin shiru. Kaɗan ya ce. Ni da na bar aji na faɗa jirgin kamun kifi, ina na san kaɗan? Na murɗa har ƙarshe.

Ranar Lahadi suka sa shirin. Kin san waƙar Kaka, ta yi layi ɗaya ta tsaya jan numfashi kamar mai hawan matakalar haikali. Duk numfashi sai na'urar ta ce sabuwar waƙa. Abu ya fito gutsi-gutsi kamar an yanka kokwamba. Babarki ta ce tunda ana ji, in bar shi haka, in ɗauke hannun kifin nan nawa daga kayan yarinya. Na ce sai na gyara. Na sa tabarau, na nemi maɓallin haɗawa, na danna na gogewa. Baitin tsakiya, wanda ake kiran jirage su dawo gida, ya tafi. Na zare faifan na ruga wurin Kunio, ya ce da ban zare ba da ya dawo min da shi. Ya ce ya tsufa yana gyaran abin da yara suka lalata, amma yaro mai furfura sai a kaina.

Na je asibiti na lallaɓi Kaka ta maimaita min. Ta harare ni ta ce tun ina goye ba na kaiwa tsakiyar waƙa sai barci. Ta fara, tari ya sarƙe ta. Ban sake tambaya ba. Babarki kuma 'yar tudu ce, ba su da waƙar jirage.

Gidan rediyon sun ce za su maimaita shirin sau ɗaya a ƙarshen wata, kuma ba sa ba da kwafi. Kullum ina gwaji da rahoton yanayi na masunta: in na rage mizanin, komai ya dunƙule, in na ƙara, mai rahoton ya koma kokwamba. Kunio ya ce in kashe alamar gaba ɗaya, in ɗauka a dunƙule, in kulle faifan don kada ya gogu, in zauna a kan hannuwana. Amma ranar yana bikin 'yarsa a Okayama, ni kuwa yanzu kowane maɓalli tsoro yake ba ni. Da zarar takardar nan ta iso ki bugo waya, ki bi da ni sannu a hankali, yadda na koya miki ɗaure ƙugiya.

Babarki tana gaishe ku, haka goggonki Setsu da kawu Heihachi. Ki gaida Masatsugu, ki ce ya daina barinki kina ɗaukar kaya.

Na haddace farkon waƙar da ƙarshenta, ina rerawa a wurin wanka, karen maƙwabta yana taya ni da kuka. Idan na zo tsakiya sai in yi shiru. Wannan shirun bashi ne da jikana yake bina tun bai zo duniya ba.

Ubanki,
Genzo