Bargunan da Kofur Ya Sayar Mana

Assalamu alaikum Malam Edita da dukkan masu karatu. Don Allah ku ba ni shawara, amma ka sakaya sunana, domin a Haɗeja in ka yi tari a bakin kasuwa kafin ka isa gida an kai labarin kana fama da ƙirji. Ni masunci ne, ɗan masunci, kuma ni ne uban tafiyar mutum takwas da muke fita da su duk shekara idan ruwa ya fara janyewa daga fadama. Mukan yi wata uku a tunga, can wajen Birniwa, ba ɗaki ba rumfar kirki, sai sanyi da sauro mai kamar an aiko shi.

Tun kakanninmu abin kwananmu ɗaya ne, tabarmar kaba ce ake saƙa mai kauri a ninke ta a ɗinke gefe kamar buhu, ka shige ciki da gwadonka ka ja bakin. Sauro ba ya samunka, sai dai tana da nauyi, kuma in raɓa ta jiƙa ta sai ta yi ta wari. Wata tsohuwa ce a Kaugama da 'ya'yanta suke saƙa mana, kowace ɗaya tana cin kwana goma, shi ya sa tun damina muke aika musu.

To bana sai ga wan matata, zan kira shi Kofur, ya zo da wani sabon abu. Shi tsohon soja ne, ya je yaƙin nan na ƙetare, aikinsa a can ɗaukar waɗanda aka harba, da ya dawo kuma ya ɗan zauna a siton asibitin soja kafin a sallame shi. Ya kawo barguna na soja, ya sa tela ya ninke kowanne a cikin tamfol ya ɗinke kamar tabarmar tamu. Wallahi abin ya yi kyau, ba nauyi, ka naɗe shi ka saƙale a hammata, ruwa ba ya ratsa shi, kuɗinsa kuma bai kai rabin na tabarma ba. Ya ce a gwanjon kayan soja ya saya a Kano, sababbi ne ba a taɓa rufa da su ba. Ni kuwa da rawar kai na karɓi ɗaya na kwana a ciki a tsakar gida, na tashi ina ta zuba masa kirari a bakin kogi, har na aika Kaugama na ce bana a bar mana saƙa. Mutanena duk suka saya, ba don Kofur ba, don ni na ce.

Araha dai ba ta ado. Abin da ya fara tsaya mini shi ne wari, wani irin warin magani mai hawa kai, irin wanda ke bugunka in ka shiga asibiti. Na shanya nawa kwana uku bai fita ba. Na tambayi Kofur ya ce maganin asu ne Turawa ke zubawa, na ce to. Sai kuma na lura kusurwa ɗaya ta bargon an yanke ta, an yi mata ƙari da wani ƙyalle. Na bi na mutanena ɗaya bayan ɗaya da sunan ina duba ɗinki, kowanne kusurwar nan a yanke take. Na Malam Sule har da wani tabo mai duhu a tsakiya, faɗin tafin hannu, an wanke an wanke ya ƙi fita. Sabon bargo da tabo?

Ban iya haƙuri ba na je wajen telan, na zauna muna hira kamar ba komai, na saya masa goro. Shi kuma dama baki gare shi, ya ce ai kowane bargo da lamba ya zo a kusurwa, wasu har da rubutun suna da tawada, Kofur ne ya tsaya a kansa sai da ya yanke su duka, kuma bai bar ko guntu ɗaya a ƙasa ba, ya tsince ya zuba a aljihu. Ya ce shi ma ya yi mamakin mutumin da ke tsince tsumma. Na yi masa sallama na fito.

Ku da ba masunta ba za ku ce mene ne a ciki, bargo ai bargo ne. To mu a wajenmu shimfiɗar da mutum ya cika a kanta ba ta shiga jirgi, ba ta kwana a bakin ruwa. A tudu ake sadaka da ita, a ba wanda ba ruwansa da kogi. Na je wajen malaminmu na yi masa tambayar a kaikaice, ya ce in an wanke abu ya tsarkaka, sauran duk camfi ne. Na yarda da malam, amma malam ba shi zai hau goran su a tsakiyar ruwa ba, kuma na san mutanena, in suka ji daga baya, ko ƙaya ce ta soki wani a tunga za a ce ni na jawo.

Shekaranjiya na sami Kofur a zaurensa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, “Yaya, don girman Allah, masu bargunan nan suna da rai?”

Ya dube ni ya ce, “Bargo bai san wanda ya rufa da shi ba, ƙanena.” Ya tashi ya ɗauki buta ya shige gida, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Yanzu ku gaya mini, wannan amsa ce? Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wataƙila lambar gwamnati ce kawai yake ɓoyewa don kada a ce kayan sata ne, wataƙila kuma abin da nake tsoro ne. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya, biri ya yi kama da mutum.

Na gaya wa matata, sai ta sa kuka. Ta ce in tuna yadda yayanta ya dawo, shekara guda yana zaune yana kallon bango, ba ya cin abinci sai an matsa, ba ya shiga mutane. Wannan sana'ar ce ta fara fito da shi kasuwa, har ya fara dariya. Ta ce in na buɗe baki aka ce Kofur mai sayar da kayan matattu ne, to na kashe shi da ransa, kuma ita ba ta san da wane ido za ta kalle ni ba. Gaskiya ta faɗa, ina son mutumin nan, bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Ga shi kwana ashirin da biyar suka rage mu tashi. Na aika Kaugama a ɓoye, tsohuwa ta ce ko sun haɗu su duka ba za su wuce tabarma uku ba, tsofaffin namu kuma tuni aka shimfiɗa wa awaki. Uku a cikin takwas, wa zan ba wa zan hana, kuma in ce musu saboda me?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. A cikin mutanena akwai Ɗan'azumi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mahaifinsa a ruwa ya rasu, kuma har gobe mutane na cewa tabarmar da wansa ya cika a kanta ce mahaifin ya shiga jirgi da ita. Jiya muna gyaran komar kamun kifi ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce matarsa ba ta son warin bargon nan, ya ce, “Baba, ka tabbata sabo ne? In ka ce sabo ne shi ke nan.”

Jama'a, na ce masa sabo ne. Ya yi godiya, ya ce dama ya san ba zan kai su ga halaka ba.

Shin in tara su in faɗi abin da nake zato, in tona wa surukina asiri a kan abin da ban tabbatar ba? Ko in yi shiru mu tafi, in yi wata uku ina kallon Ɗan'azumi yana shigewa cikin bargon nan a kan maganata? Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini, ni kam ta ɓace mini.