Lallen Yatsun Habboba Hannatu

Zuwa ga 'yata Ibtisam, a Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa miki karatu, ya tsare ki a ƙasar mutane. Mu nan ƙauye lafiya lau, sai godiya. An fara yankan dawa, bana ta yi kyau duk da tsuntsaye sun ci rabonsu. Audugar hawasharmu, wato gonarmu ta ban ruwa, ita ma ta yi 'ya'ya sosai. 'Yar'uwarki Sabah ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Bilyaminu. Ɗan'uwanki Mukhtar ya dawo daga Damazin ya yi ƙiba, yana ta rantsuwa wai aiki ne ya kumbura shi. Na zaɓi in rubuta da hannu in turo miki hoton takardar, don kin san ni a waya, in na kama zance ɗaya sai in ɓulle a wani.

Labarin da kika rubuta a kan kakarki, Habboba Hannatu, ya iso. Kin ce in faɗa miki gaskiya, in bai yi ba za ki ajiye alƙalami har abada ki fuskanci karatun magunguna kawai. Maganar nan ta yi mini nauyi, kwana uku ina juya ta. Larabcinki dai babu abin cewa, ya fi nawa, ni da na shekara talatin ina koyar da shi a firamare. Amma da yake labarin na Inna ne, na ga ita ya kamata ta fara ji. Na same ta da hantsi a gindin darbejiya tana shan gahawa, ina karantawa ina juya mata da Hausa.

Ta saurara tsaf har na kai inda kika ce matar ta ƙunsa lalle a yatsu don ado, ta fita tsinkar auduga kafin fitowar rana tana waƙa. Nan ta tsayar da ni, ta tambaya 'yar wane gari ce wannan mata, don tana son ta san ta. Na ce ai ita ce. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ba a tsinkar auduga da raɓa a jikinta, mai awo zai mayar maka da ita, sai rana ta ɗaga ake shiga. Lallen kuwa ta ce ba ado ba ne. Ƙwanson auduga in ya bushe kaifi gare shi, yana yankan gefen farce, kafin mako biyu yatsu sun tsattsage har mace ba ta iya taɓa gishiri. Lalle suke ƙunsawa don fata ta yi tauri, jini ya tsaya. Ibtisam, ni ɗanta ne, a hannun nan na ci kisra, wainar dawarmu, har na yi gemu, kuma wallahi ban taɓa sani ba. Na ji kunya ƙwarai.

To ga gaskiyar da kika nema. Labarin bai yi ba tukuna, amma ban yarda ki ajiye alƙalami ba. Kin bar ƙauye kina shekara shida, aka kai ki Kamlin, sai Khartum, daga can sai Masar, audugar da kika sani ta tagar mota ce. Ba laifinki ba ne. Mahaifiyarki Khadijat, Allah ya jiƙanta, ita ta rantse hannunki ba zai shiga gona ba, mu kuma muka taya ta. Mun hana ki wahala, ashe har da sanin mutanenki muka hana ki. Abin da ya rage wa rubutunki ba ya cikin littafi, yana nan zaune a gindin darbejiya.

Da dariyar ta lafa, Inna ta kama wani zance da ban taɓa ji ba. Ta ce kafin ni ta haifi 'ya mace, Raliya, wadda take kwantarwa a inuwar auduga kusa da bakin ruwa in ta shiga layi. Shekarata sittin da ɗaya ban san ina da yaya ba. Daga nan ta kama bakinta. Na matsa mata, ta ce ni ba marubuci ba ne, ɗan son jin gulma ne kawai. Ta ce sauran naki ne, kuma ba za ta faɗa a waya ba, sai kin zo kin tsinki layi ɗaya da hannunki, kin zauna kusa da ita ta ƙunsa miki lallen da kanta.

Ba na so in tayar miki da hankali, amma ba zan ɓoye miki ba. Inna ta fara mantuwa. Wata rana Yakubu take kirana, sunan mahaifinmu. Ana fara tsinka a Janairu, ya yi daidai da hutunku, kuma ɗakin mahaifiyarki yana nan a share.

Ki gaida kawunki Hashim da mai ɗakinsa Hanaa, ki ce ina godiya da riƙon da suke miki. Sabah da Mukhtar suna gaishe ki, Inna kuma ta ce Allah ya yi miki albarka. Yau da safe na sake tambayarta sunan yarinyar don in rubuta miki shi daidai. Ta daɗe tana dubana kafin ta tuno. Don Allah kada ki bari sai baɗi.

Wassalam. Ni ne kawunki,
Abdulmuttalib, daga ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad.