Abin da Likita Ya Faɗa Maka

Ungwar Gana,
4 ga Yuli, 1955

Zuwa ga maigidana Gidiyon,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, yaya aikin reluwe, yaya mutanen Fagge? Malamin cocinmu ne ke rubuta mini, hannuna ya ƙi riƙe alƙalami.

Yau wata bakwai da ka kawo ni gidan iyayena jinya. Na bi maganar likita yadda ka fassara mini: ciwon jijiya ne, mai zuwa ya tafi, iskar ƙauye da hutu za su kore shi. To, hutu kam na sha har ya gundure ni. Amma ciwon ya dawo a watan Maris, kuma bai tafi ba. Idona na hagu ya dushe, ƙafafuna kamar na aro. Fitsari yana ƙona ni, zazzaɓi ba ya barina. Inna ta gaji da dafa saiwa.

Rafi ya cika tun farkon damina, tashar jirgi kuwa tafiyar kwana biyu ce. Ka zo ka gan ni ko sau ɗaya. Ba na zarginka, na san aiki ne. Ka gaishe mini da ƙawata Nkechi, ka ce ta riƙa shafa wa keken ɗinkina mai, ina nan dawowa.

Matarka mai kewarka,
Biriskila

Sabon Gari, Kano,
20 ga Nuwamba, 1955

Gidiyon,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Ina fatan kana lafiya.

Kada ka yi mamakin adireshin. Da rafi ya janye, yayyena suka ɗauke ni a kan gadon kara har tasha. Ina gidan Nkechi, tsakanina da ɗakinka ba nisa, ita ce ke rubuta wannan.

Ranar Litinin mijinta Nwabueze ya kai ni wurin Baturen likitan nan, ya tsaya mana tafinta. Da likitan ya ga gyambon da kwanciya ta yi mini a gadon baya, sai da fuskarsa ta yi ja. Ya tambayi inda na shiga shekara guda. Ashe abin da ya gaya maka ran da ka kai ni wurinsa shi ne kada a kai ni nesa da asibiti, a kawo ni duk wata, a riƙa motsa mini ƙafafu kullum. Ina zaune a gabanku kuna Turanci, ina ta gyaɗa kai ina godiya. Har durƙusawa na yi masa, Gidiyon, da ƙafafun da a lokacin suke iya durƙuso.

Nkechi ta faɗa mini sauran. Da na fara tangaɗi a hanyar kasuwa, matan coci suka ce burkutu nake sha, kai kuma ana shirin naɗa ka dattijon coci, shi ya sa ka kai ni ƙauye. Na ji an naɗa ka. Barka.

Likita bai ɓoye mini ba, ciwon ba shi da magani ko a ƙasarsu. Zazzaɓin ya sauka da allura shida, gyambon ma zai warke. Amma gwiwoyina sun ƙage a lanƙwashe saboda daɗewa a tabarma, ba za su sake miƙewa ba. Ya ce da ina kusa, da wataƙila yau ina takawa da sanda. Wannan ba ciwon ne ya yi mini ba, kai ne.

Na roƙi Allah ya ba ni zuciyar yafe maka, bai ba ni ba tukuna. Ran Litinin za mu koma asibiti. In kana so ka zo, ka zo. Amma Nwabueze ne zai shiga da ni, kai ka zauna a benci a waje.

Ka huta lafiya.

Ni ce,
Biriskila