Fumfunar Turken Baba

Zongo, Lome
Mako biyu kafin Babbar Sallah

Yaya Sabitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Safina da yara, da kasuwar Kumasi. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka ce wasa da ruɓa nake yi a jami'a, to bari in faɗa maka irin ruɓar. Ka tuna lungun bayan turken Baba, inda yake jibge karan masara? Allah ya jiƙansa, shi ya fara lura karan wurin yana laushi da wuri, raguna kuma suna cinye shi tas. Daga can na ɗebo wata koriyar fumfuna, na raine ta a faranti a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu. Tana fitar da wani sinadari, enzim, mai narkar da taurin kara ya koma sukari. Shekara uku ina raba shi da tarkace: in zuba masa wani gishiri ya kwanta, in juya shi a inji, in bi da shi ta dogon bututun gilashi ɗigo-ɗigo. Yanzu ya fito fes, ƙananan kwalabe shida, sai ka rantse ruwan sha ne. Na gano ya fi aiki a zafin digiri hamsin. Saura in auna tsamin da yake so, sannan in tsaya gaban malamai.

Firjin labo ya mutu, don haka na kawo kwalaben da farantan gida, na sa a firjin Inna.

Roƙona ɗaya ne. Na ji ka yi magana da Razak magini ya zuba siminti a lungun, za ka yi shago. Don girman Allah ka dakata har in gama. Ban taɓa ganin fumfunar nan a wani wuri ba.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Khaulat

Zongo, Lome
Kwana biyar bayan Sallah

Yaya Sabitu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan ku duka kuna lafiya. Ni dai jiki lafiya, sauran kuma za ka ji.

Ragon da ka aiko ya iso, ƙato, an yaba maka. Ranar layya Inna ta aike ni unguwar Kojobiyakofe da kason naman Gwaggo Ajaratu. Ina can nama ya yi yawa a gida, Inna ta buɗe firji neman wuri, ta ci karo da farantai sun yi kore. Ka san Inna da tsafta. Ta kankare su, ta wanke da sabulu da tafasasshen ruwa. Kwalaben kuwa ta sunsuna, ba wari ba launi, ta tuttular a magudana. Da ban tace sinadarin haka ba, da ko launi ya sa ta tsaya ta tambaya. Na manna takarda a jiki cewa kar a taɓa, amma da Faransanci na rubuta, na manta ajami kaɗai take karantawa. Wannan wautar tawa ce, na ɗauka.

Na dawo na tarar ta jera min su a tabarma suna ƙyalli, tana murmushi, tana jiran in ce sannu da aiki. Na ce mata sannu da aiki, Yaya. Me zan ce wa tsohuwa ranar Sallah?

Ban yi kuka ba, don na san inda zan koma in faro daga tushe. Na ɗauki cokali da leda na zagaya bayan turke. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Siminti ne shimfiɗe, har ya bushe, an ƙone karan. Razak ya ce kai ka kira shi bayan wasiƙata ta same ka, ka ce ya hanzarta kafin in kawo wani shirmen.

Inna ba ta sani ba, na yafe mata tun kafin ta nema. Kai ka sani. Ina jin haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Abin da Baba ya gani da idonsa, ya bar mana ba tare da ya san sunansa ba, kai ka binne.

Inna ta ce in haɗa maka da kasonka na soyayyen nama, direban da ya kawo maka wasiƙar nan zai ba ka. Ka ci da kyau, shi ya kwana a gurbin kwalabena.

Ka gaida Safina da yara.

Ƙanwarka,
Khaulat